Karen Mota da Mai Kuntigi

Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya cikin babbar mota mai bodin katako, a zamanin da kwalta ba ta wadata a ƙasarmu ba, lalle zai tuna da wani guntun icce mai kusurwa uku, wanda baƙin mai da ƙura suka rine shi har ba a gane asalin bishiyarsa, ana rataye shi a bayan mota ko a cusa shi ƙarƙashin benci, ba mai waiwayarsa sai ranar da mota ta gaza a tsakiyar tudu. Sunan wannan icce weji. Shi kuwa wanda aka ɗora wa alhakinsa, wato saurayin nan mai yagaggiyar taguwa da yake maƙale a baya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, masu tausasa harshe sukan ce da shi yaron mota, amma galibin jama'a da karen mota suka san shi. Na ga ya kamata a waiwayi tarihin wannan sana'a, domin a cikinta akwai bayanin yadda iyayenmu suke neman aiki tun ba a san takardar neman aiki ba, da yadda mutum yake hawa daga gindin tsani zuwa ƙololuwarsa, da kuma yadda wani maraya mai kayan kiɗa na tsirkiya ɗaya ya sa jama'a suka dubi wanda suka saba kau da kai daga gare shi.

Tun kafin Bature ya kawo ƙarfe mai tafiya da kansa, Bahaushe ya san cewa doguwar tafiya makaranta ce mai darajoji, wadda ake shiga da ƙuruciya a sauke da furfura. Fataken da suke tashi daga ƙasar Kano da Katsina su nufi Gwanja neman goro, musamman Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda suka shahara da wannan fatauci a ƙarni na 19, sukan labta wa jakuna kanwa da baƙaƙen tufafin rini da jar fata, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da ta Dagomba har su sauka a Salaga, inda goron kurmin Asante yake jiransu. Tafiya ce ta watanni, wadda mutum kan yi sallama da iyalinsa ya nemi gafararsu kamar wanda ba zai komo ba. Ayari irin wannan, da yakan tara ɗaruruwan mutane da dabbobi, ba ya ɗaga ƙafa sai da shugaba, daidai da koyarwar Sunna cewa matafiya ko su uku ne su naɗa wa kansu amiri. Shugaban shi ne madugu, uban tafiya. Akwai jagaba mai sanin hanya da mashaya, akwai uban dawaki mai taimaka wa madugu, akwai malamin ayari mai rubutu da lissafi da addu'a. Can a ƙarshen sahu kuwa sai yara masu kora jakuna, masu ɗaure kaya da kwance shi, masu ɗebo ruwa da yanko ciyawa idan an sauka zango.

Madugu yana bukatar ilmin da ba ya cikin allo. Shi zai zauna gaban sarkin kowace ƙasa da aka ratsa ya daidaita kuɗin fito da na wucewa, shi zai raba gardama tsakanin fatake, shi zai hana tashi idan ya ji ƙishin-ƙishin 'yan fashi, shi kuma zai hana zama idan ya ga damina tana neman rutsa su. Irin wannan tadbiri kuwa ba a samunsa sai da maimaita hanya, shi ya sa galibin waɗanda suka riƙe ragamar ayari sun fara ne daga bin bayan jaki. Malaman fiƙihu sun tanadar wa wannan hawa hukunce-hukuncensa, kamar yadda duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya sani: yaro yana farawa da ijara, wato aiki bisa lada, idan amanarsa ta tabbata sai ubangida ya ba shi jari bisa ƙiradi, a raba riba, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, ya ɗanɗani almajiranci, ya yi fataucin goro har Ankara ta bakin teku, sa'an nan ya koma sayen gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955 ana ƙidaya shi mafi dukiya a Afirka ta Yamma. Labarinsa ya zama abin da ake kwaɗaitar da kowane yaron kasuwa da shi.

Sa'ad da hanyar dogo ta iso Kano a 1911, aka kuma buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa auduga suka sa rai za ta cika musu taragu, sai manoma suka cika su da gyaɗa, har daga bisani buhunanta suka zama dala. Goro ma ya sauya hanya, ya koma biyo teku zuwa Ikko, daga nan jirgi ya hauro da shi, ayarin jakuna ya shiga ja da baya. Sai dai jirgi ba ya ratse, inda aka shimfiɗa masa ƙarfe nan yake bi. Ƙaramin jirgin da ya tashi daga Zariya ya hau duwatsu ya kai Bukuru a 1914 saboda kuza, reshe ɗaya ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, Maiduguri sai a 1964 ta ji kukansa, Sakkwato kuwa har yau ba ta ji ba. Tsakanin gonar manomi da bakin dogo akwai tafiyar kwanaki, wadda jakuna da raƙuma da takarkarai suka fara ɗauka, kafin babbar mota ta karɓe ta sannu a hankali. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya bunƙasa, domin cikin sojojin da suka komo daga Habasha da Bama akwai da yawa da suka koyi tuƙi da gyaran inji a soja, attajirai kuma suka shiga sayen Bedford da Austin, daga baya Marsandi, suna kai wa kafintoci su ɗora musu bodi. Har aikin Hajji mota ta shiga: a ƙarshen shekarun 1940 Mahmudu Ɗantata da Haruna Kassim da Ibrahim Musa Gashash suka kafa kamfanin jigilar alhazai ta ƙasa, ana bi ta Barno da Cadi zuwa Sudan, sunan kamfanin kuma, Wapa, yana nan har gobe a Fagge inda ake canjin kuɗi.

Wanda ya kwatanta tsarin mota da na ayari zai ga cewa sunaye ne suka sāke, darajoji suna nan yadda suke. Zango ya zama tasha, dillali ya zama ɗan kamasho, attajirin da yake zaune a gida ya zama mai mota, nauyin madugu da na jagaba suka haɗu a wuyan direba, yaron da yake bin bayan jaki kuwa ya riƙa bin bayan mota. Yadda ake shiga aikin ma bai sāke ba. Wani yaron mahaifinsa ko kawunsa ne zai kama hannunsa ya kai shi ga direban da aka yarda da addininsa da halinsa, ya ce, "Ga ɗanka nan na kawo maka amana, in ya karkace ka miƙe shi," direba ya rusuna ya ce, "Allah ya ba mu ikon riƙewa, Baba." Wani kuwa, wanda ba shi da mai kai shi, shi zai kai kansa: ya tare a tasha, yau ya ɗebo wa wannan ruwa, gobe ya kama wa wancan igiya, jibi ya tsare wa wani kaya ya mayar da shi cif ba abin da ya ɓace, ba ya tambayar ko anini, har ranar da wani direba zai wayi gari yaronsa ya gudu, ya tambayi mai shayi ko sarkin tasha ko akwai yaro mai hankali, a nuna masa shi. Takardar neman aikinsa ke nan, ya rubuta ta da gumi a gaban shaidu cikin makonni, lamuninsa kuma shi ne bakin mutanen da suka ga halinsa sa'ad da yake zaton ba mai kallonsa.

Idan ya shiga, ba a nuna masa sitiyari, balle ya taɓa shi. Babbar mota takan ɗauki yara biyu ko uku, kowa da matsayinsa, sabon shiga kuwa shi ne na wanke mota da cika lagireto da ruwa da kwana ƙarƙashinta don gadin kaya, ko ana sanyin hunturun Jos. Daga nan ya koyi lodi, wato yadda ake raba nauyi don kada mota ta rinjaya a kwana, da ɗaurin igiya, da rufa tamfol kafin hadari ya sauko. Ya koyi kafa jak da cire taya da yin faci a tsakar daji. A tsofaffin motoci ma shi ne mai murɗa ƙarfen tayar da inji da hannu, wanda in ya yi gardama yakan karya wuyan hannun mutum. Sai ya daɗe, an gwada shi da ƙaramin abu an ga bai ci ba, sa'an nan za a bar shi ya karɓi kuɗin fasinja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ana ganinsa wahala ce tsagwaronta, alhali kuwa darasi ne, domin mai kwana ƙarƙashin mota shi yake fara ganin inda mai yake ɗiga, mai wanke ta shi yake fara lura da ƙusar da ta kwance, wanda kuma ya shekara yana sauraron inji daga baya yakan san lafiyarsa da ciwonsa daga kukansa kaɗai.

Amma babbar jarrabawa tana kan tudu. A ɗauki misalin Hawan Kibo, a hanyar da take haurowa Jos daga wajen Akwanga: mota ta ɗauko lodin da ya fi ƙarfinta, ta kama hawa tana nishi, direba ya sauko da giya ɗaya bayan ɗaya har ya kai ta ƙarshe, inji ya soma shaƙewa, fasinjoji suka kama salati, birki kuma kowa ya san ba zai riƙe wannan nauyi shi kaɗai ba, a daidai wannan lokaci, da direba da attajirin da ya sayi motar da malamin da yake zaune a gidan gaba da jaririn da yake goye, rayukansu duka, bayan ikon Allah, suna hannun yaron nan da ba wanda ya san sunansa, wanda zai diro tun mota ba ta tsaya ba, ya bi ta da gudu rungume da weji, ya cusa shi bayan taya a daidai ƙiftawar da ta fara ja da baya. In ya yi gaggawa ya ɓata, in ya yi jinkiri an halaka. Direban da ya taɓa riƙe weji a irin wannan wuri ba ya bukatar wani ya yi masa wa'azi a kan haƙƙin na ƙasa da shi.

Tuƙi kuwa da kaɗan-kaɗan ake samunsa, rabinsa koyarwa rabinsa satar ido. Yau a ce ya matsar da mota a wurin wanki, gobe a ce ya gyara mata tsayuwa a tasha, wata rana kuma, idan an sauke kaya ana komowa a miƙaƙƙiyar hanya, maigida ya matsa gefe ya ce, "Zo ka riƙe," ya lumshe ido kamar mai barci alhali kunnensa yana kan giya. Bayan shekaru a je a yi gwaji a karɓo lasin, sa'an nan maigida ya kai shi ga wani attajiri ya tsaya masa. A nan sana'ar ta ɗauko wani abu daga zauren malamai, domin kamar yadda ake tambayar almajiri wurin wa ya yi karatu, a duba silsilar malamansa kafin a karɓi ijazarsa, haka mai mota yake tambayar sabon direba yaron wane ne shi, sunan ubangida kuma yakan buɗe ƙofa ko ya rufe ta. Wanda Allah ya yi wa buɗi, ya kuma iya tattali, yakan tara abin da zai karɓi tsohuwar mota yana biya da kaɗan-kaɗan, daga ɗaya ta zama biyu, har a wayi gari ana ce masa Alhaji mai motoci.

Gaskiya ba za ta cika ba sai an faɗi ɗaya gefen. Akwai iyayen gida marasa tsoron Allah da suke riƙe yaro shekara da shekaru suna hana shi sitiyari don kada su rasa bawan da ba su saya ba, suna zaginsa da uwa da uba a gaban fasinja, su ci nama a tasha su miƙa masa ƙanzo. Akwai yaran da suka ci amanar kuɗin mota, akwai waɗanda ƙwayar hana barci ta lalata, akwai waɗanda taya ta bi ta kansu, akwai kuma da yawa da suka tsufa da weji a hannu. Daga nan jama'a suka yi wa sana'ar kuɗin goro, suka haɗa na kirki da na banza cikin suna ɗaya, ba kuwa sunan da ya fi na kare ƙasƙanci a bakin Bahaushe.

A cikin wannan hali Adamu Wayya ya fito. An haife shi a 1946 a Bukuru, garin kuza da leburori da manyan motoci. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan garin ne, iyayensa duka biyu suka rasu yana jariri, Sarkin ya ɗauke shi ya rene shi, daga nan ya sami laƙabin Ɗan Maraya. Yana yaro ya je Maiduguri ya ga masu kiɗan kuntigi, ya komo ya haɗa nasa, wato ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Kafin shi, da kuma a zamaninsa, yabo yana da ma'abotansa: Narambaɗa yana wasa Sarkin Gobir na Isa, Ɗanƙwairo yana zaga fadodi, manoma da mahauta da maƙera da 'yan dambe kowa da kiɗan da ya gāda, Mamman Shata kuma ya faɗaɗa fagen har direbobi suka shiga. Yaron mota ba shi da kiɗan gado, ba shi da rigar da zai tuɓe ya ba maroƙi. Shi Ɗan Maraya ya zaɓa ya yi wa waƙa tun farkon fitowarsa, Waƙar Karen Mota kuma ta zama cikin mafi shaharar abin da ya bari; ya ɗauki sunan nan na wulaƙanci yadda yake, bai sāke shi ba, ya sa shi a gurbin da aka saba jin sunayen sarakuna.

Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da faifan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai muryarsa kowace tasha da kowane teburin mai shayi. Tasirin abin ya wuce nishaɗi. Fasinjan da ya saba daka wa yaro tsawa ya ji an ambaci mai cire taya da tura mota da irin muryar da ake ambaton masu rawani. Yaron da kansa ya ji cewa wahalarsa abar faɗa ce, tana da suna da daraja. Direba kuma aka tuna masa inda ya fito. Ɗan Maraya ya ci gaba a kan wannan tafarki, yana waƙar talaka da zaman aure da halin ɗan Adam, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Shi kansa hujja ne a kan abin da yake faɗa, domin da mafi ƙanƙantar kayan kiɗa ya zaga ƙasashen duniya, bai jira sai ya sami tambari ba.

Zamani ya ci gaba da juyawa. A 1972 Nijeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, a 1973 naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur ya shimfiɗa kwalta, aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna a 1975, ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa ta kafu a 1978 ta karɓi tafiyar da tashoshi. Ƙananan motocin haya suka yawaita, yaron mota ya zama kwandasta, sa'an nan acaɓa da a-daidaita-sahu suka zo da wata hanya wadda saurayi zai koyi tuƙi cikin mako guda, ya karɓi makulli, ya riƙa kawo balas kowace yamma. Ba na zargin wanda ya bi wannan hanya, domin neman halal ne, ciki kuma ba ya jiran shekara bakwai. Illa dai tsanin ya gajarce, kuma matakan da aka sare su ne waɗanda a da ake koyon haƙuri da sauraro da riƙon amana a kansu, shi ya sa ake samun mai riƙe da sitiyari wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kowa ba, bai kuwa san yadda ake riƙe na ƙasa ba.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. Wanda ya tsaya a Mararrabar Jos ko Tafa da dare zai ga tireloli da tankoki jere, yara suna kwance ƙarƙashinsu a kan tabarma kamar yadda na farko suka kwanta, weji kuma yana nan, ko da yake birkin yanzu na iska ne. Masu neman aiki a ofisoshi, da waɗanda aka ba shugabancin ma'aikata, suna iya zuwa nan su ɗauki karatu ba da ko kwabo ba. Tsofaffin 'yan tasha ma suna da wata alama da suke gane asalin mai mota da ita. Idan attajiri ya zo duba motarsa, ya same ta tsaye a gangara, wanda ya gāji dukiya yakan nufi gidan gaba ya tambayi direba lissafi. Wanda kuwa ya taso daga baya, ko da ya tsufa, ko da babbar rigarsa ta sha aiki, sai ka ga ya tattare ta ya zaga bayan mota, ya sunkuya ya duba ko an sa weji, sa'an nan ya ɗago ya tambayi yaron ko ya ci abinci.